Ushirin Gayauna

Malam Bube ya jera dammunan geron gayaunar bakin fadama, in ya wuce tara sai ya janye na goma gefe. Abin da ya tara bai taka kara ya karya ba. A shekarar, ta biyu da samun mulkin kai, ruwa ya ɗauke tun gero bai gama ido ba. Rumbunan Fakku duk rabi-rabi suke, nasa kuwa ko rabin bai kai ba.

Ƙanensa Ɗangiwa, wanda suke gandu ɗaya, ya tsaya a kansa rai a ɓace.

"Yaya, bana ma kai musu za ka yi? Hatsin ga ba shi kai mu bazara. Ga ɗiya, ga jikoki. Kuma gari duka maganarka aka yi, wai kana ciyad da 'yan Mishan."

"Wanga ba namu na ba," in ji Bube. "Ushiri na."

Ushiri shi ne ɗaya cikin goma da Kirista ke fitarwa daga amfanin gonarsa ya kai gidan Ubangiji. To, Fakku babu majami'a, babu ko alamarta. Sai dai wani zaure a Tambuwal, inda 'yan tsirarun ma'aikata mutanen Zuru da na Kudu ke taruwa ran Lahadi. Can Bube ke kai kayansa duk kaka, tsofai-tsofai da shi.

Mutane sun yi tsegumi har bakinsu ya gaji, bai taɓa tanka wa kowa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Matarsa Atu ce kaɗai ba ta taɓa cewa kanzil ba. Ta ƙulle masa guzurin ƙuli-ƙuli da dawo, ta riƙe masa jaki ya ɗaure kaya, tana share ido da bakin zane wai hayaƙi ne ya shigar mata. Murhu kuwa tun safe yake a mace.

Hanya ta ba shi wuya. Gwiwa ta ƙi, jakin ma ya ga jiya ya ga yau. Waɗanda ya gamu da su sukan durƙusa su gaishe shi, sa'an nan su dubi kayan, su kau da kai. Wannan kallon ya fi masa ƙaya ciwo, amma ya haɗiye.

Bayan Kebbe wata mata mai goyo ta tare shi, ta ce ko zangarniya biyu ya taimake ta, yaranta ba su ɗora tukunya ba. Ransa ya sosu ƙwarai. Ya kai hannu ga igiyar kayan, ya tsaya, ya janye. Sai ya kwance guzurinsa duka ya ba ta, ya ƙarasa tafiyar da ruwan buta a ciki.

Da ya isa Tambuwal ya tarar ana waƙa a zauren. Ya sauke dammunan a bakin ƙofa, ya tsaya daga waje kamar yadda ya saba, yana sauraron muryoyin samari.

Malam Bawa, mutumin Zuru mai yi musu wa'azi, ya fito ya durƙusa. Ya dubi geron, ya dubi ramar tsohon.

"Baba, bana da ka bar shi. Allah na ganin halin da aka ciki. Shigo ka huta ko sau ɗaya."

"Ba ni shiga," in ji Bube. "Ka dai yi addu'a irin taku, ka ambaci sunan mai gona. Shi bai taɓa fashin ushiri ba, ba ni bari a fara bayan ranshi."

Ya ja jakinsa ya juya yana kuka, bai damu da wanda zai gani ba. Sauri yake, don shi ne limamin Fakku, mutane na jiransa. Gayaunar kuwa ta Namadi ce, ɗansa na fari, wanda ya kora daga gida ranar da ya zama Kirista, ya zo ya mutu a wannan zaure ba su sake ganin juna ba.