Muƙamin Babban Injiniya

"Wancan bankin ya fi albashi," na ce wa Yaya. "Namu kuma zai ba ni muƙamin babban injiniya idan na kammala manhajar nan."

"Zauna a namu, Bature. Ina son in ji ana kiran ƙanena haka."

Da albashinsa na kashiya ya biya karatuna a waje. Na zauna.

Ranar da aka ɗaga ni, na sauko in yi masa albishir. Na tarar yana zuba kofinsa da dardumarsa a kwali. Manhajata ta maye gurbin masu aikin kashiya irinsa.

"Dama ka sani?"

"Tun kafin ka tambaye ni," ya ce. "Riƙe min ƙofa, babban injiniya."