Jarumin Gwadabe da Ɓarawon Kifi

"Na kama shi!" in ji Gwadabe, ya daki tebur. "Bulala talatin nan take, ba sai an je gaban alƙali ba."

Wasan labari suke yi a barandar gidan hayar ɗalibai a Sabon Gari. Rahila ke ba da labarin, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, ƙwayar ludo ke yanke hukunci. Jarumin Gwadabe ɗan sintiri ne mai rufe fuska.

"Haba, kifi ɗaya fa ya ɗauka," in ji Bulus. "Kuma 'mutumin kirki' ka rubuta a takardarka."

"Mutumin kirki ba ya tausayin ɓarawo."

"Ko yunwa ce ta sa shi?" Rahila ta tambaya.

"Ko ita ce."

Ya jefa ƙwaya, ta ba shi shida.

"Madalla." Rahila ta ɗaga takardarsa sama. Ga shatin yatsu uku, mai da yaji, dab da "mutumin kirki". "Wannan man kifina ne da na soya na rufe ɗazu. Bulus, miƙo min wayar caja."

Gwadabe ya ɓoye hannunsa a ƙarƙashin tebur.

"Ranki ya daɗe, ba za a je gaban alƙali ba?"