Mai Buga Bulon da Ya Raina Jikinsa

Ɗayyabu, ajiye ƙarfen nan ka zauna. Ka tambaye ni ko ka ƙara jiki ko ka rage kitse kafin gasarka ta farko. Kafin in ba ka amsa, bari in gaya maka abin da idona ya gani, wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Akwai wani mai buga bulo da ya shekara huɗu yana ɗaga ƙarfe a filin nan. Ba ƙato ba ne, amma jikinsa a murɗe yake kamar igiyar guga. In ya tuɓe riga ya saɓa buhun siminti, kana iya bin kowace jijiya da ido daga kafaɗa har tsintsiyar hannu. Aka sa ranar gasar nuna ƙwanji a Kaduna, saura wata uku, ya ce zai shiga. Na ɗora shi a sikeli, kilo saba'in da biyu. Na ce ya tsaya a ajin nauyinsa, ya ɗan rage mai da sukari, shi ke nan. Ya amince. Bayan kwana biyu ya ga hotunan wasu ƙarti a waya, ya dawo jiki a sanyaye ya ce, "Baba, in na tsaya kusa da waɗannan ai sai a ce tsinken tsire ne ya hau dandamali." Na ce masa ba aji ɗaya za a sa su ba, kuma alƙalai tsarin jiki suke dubawa, ba tulin nama ba. Ya ce to. Daga ranar ban sake ganinsa a filin nan ba.

Ashe ci ya shiga ba ji ba gani. Malmalar tuwo biyar a zama ɗaya, taliya da manja, ƙwai goma sha biyu da safe, fura da madara a kai. Da ciki ya ƙi karɓa, sai wani mai tallan magani a tasha ya sayar masa da ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Cikin mako bakwai ya ƙara kilo goma sha huɗu. Wuya ya ɓace, fuska ta yi suntum, zoben azurfar da ke yatsansa sai da maƙeri ya yanke shi. A wurin aiki ana yi masa kirari da giwa, shi kuwa yana washe baki. Matarsa ce kaɗai ta tsorata. Wata rana ta danna ƙaurinsa da ɗan yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, ta ce, "Malam, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne." Ya daka mata tsawa.

Saura mako uku ya tsaya gaban madubi ya murɗa hannu. Babu abin da ya fito. Ƙwanjin da ya shekara huɗu yana ginawa ya nutse, sai tumbi a gaba. Hankalinsa ya tashi, ya juya akala gaba ɗaya. Ya yar da ƙwayar rana guda, alhali irinta ba a barinta farat ɗaya. Ya daina cin abinci sai kokwamba. Ya riƙa naɗe jikinsa da leda a ƙarƙashin riga yana gudu da tsakar rana, ya haɗa da maganin sa fitsari, ruwa kuwa sai dai ya jiƙa leɓe.

Ranar awon nauyi ina cikin zauren. Aka kira lambarsa, ya taka ya hau sikeli. Kafin mai awo ya karanta, sai ƙafafunsa suka ƙage, yatsunsa suka ƙanƙame kamar na kazar da aka yanka, ya zube da ka. Ƙartin da ke shafa mai a jiki suka tsaya da kwalabe a hannu, baki buɗe. Mutum huɗu suka ciccibe shi zuwa mota, idanunsa sun kakkafe.

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti, likita ya ce saura ƙiris ƙodarsa ta tashi daga aiki. Da na je duba shi, sau biyu ina wuce gadonsa ina tambayar ma'aikaciyar jinya inda aka kwantar da shi. Sai na ji wata 'yar murya a bayana ta ce, "Baba, ga ni nan." Na waiga. Wallahi Ɗayyabu, ledar lemon da ke hannuna sai da ta suɓuce. Haƙarƙari a waje, fatar damtse tana reto kamar tsumma a kan igiya, kilo hamsin da takwas. Sai na hau salati. Wata biyar bayan an sallame shi, mutumin da ke ɗaukar bulo biyu a hannu ɗaya, butar alwala ma matarsa ke kai masa.

To kai ma saura wata uku gare ka. Jikin da ka gina shi za ka kai, ka tsabtace shi a hankali. Ƙarin nama aikin shekara ne, kuma gasa ba ta ƙare daga bana ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman ƙiba akan samo rama.