Lalle a Wuyan Hannun Uwani

Yanzu duk wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, sai an dasa masa ɗan dutse a wuyan hannu. In jini lafiya lau, dutsen kore ne. In sukari ya hau, sai ya koma ja.

Da hantsi Uwani ta shiga gidan Inna Tasalla mai ƙunshi. Wata takwas da yi mata aiki, ƙiba ta zube, amma dutsenta ja wur. Gobe dangi za su yi mata walimar samun lafiya.

"Inna, ki rufe min shi da baƙin lalle mai kauri."

Tsohuwar ta jujjuya hannun. "Ikon Allah! An rage tumbin, ciwon sukarin bai tafi ba? To, a ina yake zaune, 'yar nan?"

"Likita ma bai gano ba. Ya ce in ci gaba da allura."

"Kina yi?"

Uwani ta sunkuyar da kai. "Kowa ya riga ya ji na warke."

Inna ta zana fure kewaye da dutsen, ta bar tsakiyarsa a buɗe, yana ƙyalli.

"Wadda na rufe wa bara, da ta faɗi ana tsakiyar walima, fifita suka yi ta yi mata, don ba wanda ya ga jan dutsen balle a san sukari ne."