Agogon da Na Ɗaura wa Ishatu

"Baba, awa huɗu ka yi barci jiya," in ji 'yata Rauda a waya. "In agogon nan bai nuna awa bakwai ba zuwa Juma'a, Abuja za ka dawo wurina."

Ni za a koya wa barci? Ban taɓa shiga aji ba, amma na ga yaƙin basasa, kwalara ta kayar da ni na tashi, tirela ta buge ni a Kwangila na koma gida da ƙafata. Sai yanzu ɗan agogon roba mai kai gulmata wayar Rauda zai raba ni da Tudun Wada? Kullum na kwanta ina harararsa, barcin ma sai ya ƙi zuwa.

Sai na yi dabara. Na ɗaura wa matata Ishatu, na ce maganin sanyin ƙashi ne. Ita dai na san barcin kasa take yi.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Rauda da mota, idonta jawur. "Baba, awa ɗaya da rabi? Haɗa kayanka."

"Kin ga ƙaryar agogon banza," na ce. "Kwana uku yana hannun uwarki, wadda ko ganga ba ta tashinta."

Ishatu ta ajiye tsintsiya.

"Bai yi ƙarya ba, Malam. Numfashinka ɗaukewa yake cikin dare. Ni ke zaune ina girgiza ka har ya dawo. Bana shekara tara ke nan. Ka shiga motar nan, ni ma in samu in runtsa."