Shuɗiyar Rigar Malam Bature

Na rasa miji, na rasa sunan gidanmu a Gayam, na rasa awaki biyu. Abin da na samu kyamara ce da ba ta fi kwalin ashana ba.

Ranar Juma'a ce. Na wanke wa Malam shuɗiyar rigarsa, na ɗinke wa autana Munzali kafaɗar tasa da jan zare, don shi kaɗai ya rage mini a gwangwani. Bayan masallaci Malam ya wuce gona shi kaɗai. La'asar ba ta yi ba 'yan bindiga suka kore shanun gari, suka kashe mutum huɗu.

Bakoji, shugaban 'yan sa-kai, yana ɗaura wata 'yar kyamara a ƙirji in zai shiga daji. Ta ɗauko wani mutum daga nesa, ya ba da baya, yana nuna wa ɓarayin hanyar garke. Rigarsa shuɗiya. Duk Gayam an san mai shuɗiyar riga.

'Yan sa-kai suka nuna wa Malam hoton a ƙofar gida. Ya daɗe yana kallo. Bai yi musu ba, bai rantse ba. Ya miƙa wa Bakoji abarsa, ya sa takalmi ya bi su, suka kashe shi. Wannan shirun ya fi mutuwar ci mini rai.

Mutum uku suka yi masa salla. Munzali ko kabarin bai iya zuwa ba, har yau. Na ce zuciya ce, a bar yaro.

Mata suka daina sayen ƙuli-ƙulina. Ban rage ko sisi ba. Ni Huraira ba a taɓa karya mini farashi don tausayi ba, balle don tsana.

Da damina Bakoji ya shiga daji bai dawo da rai ba. Matarsa ta nemi awaki huɗu a kan kyamarar, na tsaya a biyu har ta gaji. Na ƙulle ta a bakin zane, na ce ranar kasuwa zan kai ta Birnin Gwari a duba mini.

Munzali ya ce, “Inna, ki bar wa Allah.”

“Allah na bar wa,” na ce. “Bakoji ne ban bar wa ba.”

Kashegari sai ga Jaji dillali, yana sosa ƙeya. Wai wani yana son kyamarar, bai yarda a faɗi sunansa ba. Dubu hamsin.

“Albarka.”

Ya dawo da dubu ɗari. Albarka. Rana ta uku ya ce mai tayin zai ba da babur, sabo, ko wata shida bai yi ba.

“Gwaggo, ke fa akuya biyu kika bayar!”

“To ka sayo masa akuya biyu ya kalla.”

A Birnin Gwari aka nuna mini shagon Gloria, mai ɗaukar bidiyon biki. Ta zare wani ɗan kati, ta sa a kwamfuta. Ga daji, ga shanu, ga mutumin da bayansa. Ta kalla kaɗan, sai ta yi tsaki.

“Mama, kin taɓa ganin shuɗiyar saniya?”

Na duba. Farar saniyar Fulani ce, amma kamar an tsoma ta a ruwan bula.

Ta ce kyamara ba ta san fari ba sai an gaya mata. Wannan an saita ta a kan hasken ƙwan lantarki na cikin ɗaki, aka fita da ita rana ba a sauya ba, shi ya sa duk abin da ta gani ya yi shuɗi-shuɗi. Launin kuma an bar shi a dusashe, irin wanda masu fim ke so don su gyara daga baya. A ɗan gilashin kyamara, ga fushi, ga gawa huɗu a ƙasa, wa zai tsaya tambayar saniya?

Ta ɗora kibiyar kwamfuta a kan saniyar. “Wannan fari ne,” ta ce, ta danna.

Saniya ta yi fari. Rigar ma ta yi fari fat.

Ta ƙara jan wani abu, launuka suka farka. Ganye ya yi kore, ƙasa ta yi ja, duk ɗan abin da ya ɓuya ya fito fili.

“Mijinki ya fita, Mama!” Gloria har da tafi. “In tura miki a waya? Ki kai wa mai gari, a tara mutane su gani.”

Na matsa kusa da gilashin. Na ce ta girmama mini hoton. Na daɗe ina kallon rigar, da jan zaren da ke kafaɗarta, kamar yadda Malam ya daɗe.

Na ce ta kashe. Na ce kada ta bar komai a kwamfutarta. Ta faɗi kuɗin aikinta na biya yadda ta faɗa, abin da ban taɓa yi ba tun ina budurwa.

A mota ban yi kuka ba. Ina ta auna kaya biyu ne, ɗaya a ƙasa, ɗaya yana tafiya da ƙafafunsa, matarsa da cikin wata bakwai. Malam ya riga ni aunawa, a tsaye, a ƙofar gida.

Na tarar da Jaji a zaure yana jirana.

“Gwaggo, ya ce ki yanka da kanki. Ko nawa ne.”

Na kwance bakin zane, na ajiye masa kyamarar a tabarma.

“Ka ce masa na sallama. Ba na son babur ɗinsa. Kuɗinta, gobe da safe ya sa farar rigar nan da na ɗinke masa, ya je ya durƙusa a kabarin ubansa.”