Harafin Da Ya Kori Baffa

"Tattara kayanka ka bar min shago," maigida ya ce wa ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunayen ɗalibai na fitowa guntaye a jikin riguna, kuma ƙanen ne ke kan injin surfani.

Washegari sunaye suka fito cif. Maigida ya ce ai ga shaida.

Ana nan sai ya tsinkayi ɗansa, wanda ya rubuta manhajar injin, yana yi wa abokinsa bayani: "Ƙ da ɗ gurbi biyu suke ci a kwamfuta, ni kuwa ɗaya na ware musu. Shi ke gutsure sunan."

Maigida ya katse shi: "Kai, yaushe ka gano?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. "Tun Baffa na nan, Baba. Jira na yi ya tafi, sannan na gyara."